Yadda Mai Nasara Ya Duba Haƙoran Mashin

Duk wanda ya zauna a Zangon Damagaram a shekarun nan kafin mulkin kai ya san Mai Nasara, ko bai so ba, don mutum ne da ba ya jira a tambaye shi. Dillalin raƙuma ne a kasuwar Alhamis, kuma in za a faɗi gaskiya, a wannan fanni ba shi da laifi, yakan gane raƙumi mai ciwo tun daga nesa. Cutarsa ɗaya ce: ya ɗauka tunda ya san raƙumi, babu abin da Allah ya halitta ko Bature ya ƙera da ya fi ƙarfin saninsa. Ya taɓa bin sojan Faransa zuwa Gigimi, ya yi shekara biyu yana shayar da raƙumansu, ya dawo da tsohon kwat na soja da wani tabarau irin na masu tuƙa kamiyo, manyan motocin kaya, cikin rairayi. Tun daga ranar ya naɗa wa kansa sarjan. Ba wanda ya taɓa ganin takardar, amma da yake kiran ba ya rage wa kowa komai, sai aka bar masa.

Ni Gambo, lokacin ina aikin awon gyaɗa a wani kamfanin Faransawa da ke bakin hanyar kasuwa. Shekarar ita ce ta ƙarshe kafin a sauya tuta, kamfanin yana tattara nasa ya nasa zai tafi, ana sayar da duk abin da ba za a iya ɗauka ba. Cikin kayan akwai wata gajeriyar motar ɗaga buhuna, mai ƙarafa biyu a gaba da take zurawa ƙarƙashin katako ta ɗaga kaya sama. Bature yana kiranta da wani dogon suna da harshenmu ya ƙi ɗauka, mu kuwa muka sa mata Mai Ƙaho.

Wanda ya yi sha'awarta shi ne Alhaji Suma'ila, babban mai sayen gyaɗa a Zango. Shekara da shekaru ƴan dako talatin ne ke yi masa lodi, ƙarƙashin wani mutumin Dakusa mai suna Nomau. Mutanen nan da an gama girbi suke baro ƙauye, da dakon kakar gyaɗa suke cike gurbin hatsin da gona ba ta ba su ba. In Alhaji ya sayi Mai Ƙaho, mutum ɗaya zai zauna a kujera ya yi aikin, talatin su koma gida hannu rabbana. Mutum ɗayan nan kuwa Mai Nasara ya riga ya neme shi ko'ina cikin gari, bai samu wanda ya dace ba sai shi kansa.

Ƙofar da ya samu ita ce matarsa Lubabatu, ƙanwar Alhaji ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ya sa ta gaba har zauren yayanta.

Ya ce, "Alhaji, kada ka bari Bature ya sayar maka da gawa. Ƙarfe da dabba duk halinsu ɗaya, su ci, su sha, su gaji, su tsufa. Ka bar mini duba. In na ce saya, ka saya ido rufe, ni zan riƙe maka ita."

Alhaji ya ce, "Ka taɓa tuƙa irinta?"

"Irinta? Ai uwarta na tuƙa a Gigimi."

Alhaji ya dubi ƙanwarsa, ƙanwarsa ta dubi tabarma. Mutum ne mai kunyar ƴan uwa, saboda haka ya ce to, a haɗu a kamfani ranar Alhamis, in abu ya yi kyau aikin tuƙa ta a mangaza, wato ɗakin ajiyar gyaɗarsa, na Mai Nasara ne.

Ranar Alhamis da hantsi Mai Nasara ya iso, kwat a kan babbar riga, tabarau a kan farin rawani, bulalar raƙumi a hannu. A inuwar katanga ya tarar da Nomau da mutanensa zaune a jere, ba wanda ya gayyace su.

Ya ce, "Sannu da hutawa, Nomau. Ku fara sabawa da zaman nan, don daga yau shi ne aikinku."

Nomau ya ce, "Sannu da zuwa, Sarjan. Magajinmu muka zo gani. Ko ba komai mutum ya san fuskar wanda zai ci tuwonsa."

An yi dariya, amma ni na san Nomau, kuma na ga idonsa ba ya dariya. Shi ya bi gidajen mutanen nan ɗaya bayan ɗaya ya ce su biyo shi birni akwai aiki. In an sallame su, shi zai koma ƙauye ya dubi matansu. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma mai awo ba shi da ta cewa a cinikin manya.

Bature ya fito ya yi wa Alhaji ƴan maganganu, ya ce a duba son rai. Da ƙarfe goma sha biyu ta yi, ya dubi agogo, ya ɗauki tarin makullansa ya shige motarsa, don Bafaranshe ko gari na ci da wuta sai ya ci abincin rana ya yi barci har ƙarfe uku. Ya bar mu da Gana, wani Babarbare marar yawan magana da ya shekara shida yana tuƙa Mai Ƙaho.

Gana ya matso cikin ladabi ya fara nuna inda ake duba mai, da sarƙar da ke jan kaya sama, da wani ɗan faifan ƙarfe da aka rubuta iyakar nauyin da take ɗauka. Mai Nasara ya ɗaga masa bulala.

"Dakata, shofer. Tun yaushe mai sayarwa yake koya wa mai saye duba? Buɗe mini bakinta."

Gana ya dube ni. Na ɗaga kafaɗa. Ya buɗe murfin mashin ɗin, tunda shi ne ya fi kama da baki. Mai Nasara ya zura kai har kafaɗa, ya daɗe a ciki yana ƙirga wani abu da yatsa. Da ya fito, jelar rawaninsa tana ɗigar baƙin mai.

Ya ce, "Haƙora sun cika, ba giɓi. Ba ta wuce shekara bakwai ba."

Gana ya ce, "Goma sha ɗaya ce. Ga shekarar nan a rubuce a jikinta."

"Rubutu ai kowa na iya yi. Ni haƙori na gani."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali, don ba kullum ake samun mai dubawa ya rage wa kaya shekaru mai sayarwa ya ƙara ba, kuma bai san wanda zai gaskata a cikinsu ba.

Daga nan aka koma numfashi. Mai Nasara ya yi wa jama'a bayani, don lokacin masu wucewa kasuwa sun fara leƙowa ta ƙofa, cewa dabba mai ciwon huhu a hanci ake kama ta. Ya zagaya baya, ya durƙusa, ya saukar da tabarau kan idonsa, ya kai fuska dab da bututun hayaƙi, ya ce a tayar. Gana ya ce ya ɗan ja baya. Ya ce shi ya tsaya gaban igwa bai ja baya ba. Gana ya murɗa makulli. Mai Ƙaho ta yi kwana tara ba a taɓa ta ba, duk abin da ta tara a ciki kuwa ta ba Sarjan shi a lokaci ɗaya. Da hayaƙin ya washe, furfurar gemunsa ta koma baƙa wuluk.

Nomau ya ce daga inuwa, "Sarjan, ka koma saurayi. Ko don wannan a saya."

Mai Nasara ya gama tari, ya share hawaye, ya ce numfashi lafiya lau, akwai ƙarfi a ƙirji. Sai kofato. Ya ja baya taku biyu ya kai wa tayar gaba shuri da takalmin fata, irin wanda yake yi wa tayar kamiyo a tasha don a san ya zo. Bai san tayar Mai Ƙaho ba ta da iska a ciki ba, roba ce zalla mai taurin dutse. Ya tsaya da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci yana kallon sama, leɓensa na motsi. Da muryarsa ta dawo ya ce kofato ma ba laifi.

Har zuwa nan ba wanda ya ji ciwo sai shi, kuma da ya tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma yana ɗingisawa ya zagaya baya, idonsa ya faɗa kan wasu manyan curin ƙarfe huɗu da aka ɗaure da kusoshi a gadon bayan mashin. Fuskarsa ta haskaka.

"Yauwa. Na san za a rina. Mene ne wannan?"

Gana ya ce, "Nauyi ne. Shi ke danne bayanta in ta ɗauki kaya a gaba."

Mai Nasara ya juya ga Alhaji ya sassauta murya, amma yadda na bakin ƙofa za su ji. "Alhaji, shekarata ashirin a kasuwa. Ban taɓa ganin an kawo raƙumi da sirdi a ɗaure tamau ba sai akwai miki a ƙarƙashi. Dabbar sayarwa tsirara ake ganinta. A sauke."

Nan fa ya taɓa Alhaji inda yake masa ciwo, don an taɓa sayar masa da taguwa haka a Tanut, sai da aka je gida aka ga bayanta duk tsutsa. Ya ce a sauke. Gana ya ce ba a saukewa. Mai Nasara ya ce kun ji ko, an fara rawar murya. Matsalar ita ce curin ƙarfen nan ko ɗaya mutum uku ba sa ɗaga shi, saboda haka dole Sarjan ya juya wajen mutanen da ya sallama ɗazu.

Nomau ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, ni dai na ji shofer ya ce a bari, kuma na faɗa a gaban jama'a. Amma in Sarjan ya ce a sauke, sauke kaya ai aikinmu ne."

Aka kwance, aka sauke. Ƙarƙashi fenti ne fes, ko ƙwarzane babu. Gana ya ce to a mayar. Mai Nasara ya ce a'a, yadda uwarta ta haife ta za a gwada ta. Ni kuwa Allah ya gani, shekara shida ina kallon mashin ɗin nan na san amfanin curin, amma na ja bakina na yi shiru. Ba zan ce shirun nan na neman lada ne ba.

Sai Mai Nasara ya sa kara cikin tankin isansi, wato fetur, ya zaro, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, jiƙe har wuya.

"Kun gani? An ɗura mata. Haka maƙetatan kasuwa suke yi, su ba raƙumi kanwa ya sha ruwa har ya kumbura, ka saya kana murna, kwana biyu ya saɓe. Raƙumin ƙwarai da ƙishirwa ake gane shi. A zuƙe, a bar mata kofi ɗaya."

Gana ya ce, "Sarjan, wannan ba ta tara ruwa a tozo."

"Raƙumi ma ba a tozo yake tarawa ba. Ka ga ba ka san komai ba."

Wannan gaskiya ce, kuma ita ta ƙarasa Gana, don jama'a sun yi ta gyaɗa kai. Aka zuƙe isansin cikin garwa biyu. Wani mai kamiyon Takieta da ya tsaya kallo ya ce ko za a taimaka masa da shi, Mai Nasara ya ɗaga hannu ya ce ɗauka duka, sadaka. Bai taɓa yin kyauta mai girman wannan ba a rayuwarsa, kuma da ka gan shi ka san ya ji daɗinta. Mai kamiyo bai tsaya godiya mai tsawo ba, ya yi gaba.

Saura gwajin kaya. Faifan ƙarfe ya ce buhu goma sha biyu. Mai Nasara ya ce ai duk mai raƙumi yakan rage don tausayin dabbarsa, a ɗora goma sha shida. Mutanen Nomau suka jera su a kan katako. Sai ya tattare riga ya haye can ƙololuwa ya harɗe ƙafa.

Alhaji ya ce, "Na zaci kai za ka tuƙa."

"Tuƙi ai abin gobe ne, Alhaji. Ba a sayen raƙumi ba a hau ba, kuma mai saye inda kaya ke zama nan yake zama, don ya ji tafiyar a jikinsa. Shofer, tashe ta."

Gana ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku shaida, na faɗa sau uku." Ya hau kujera, ya tayar, ya ja sandar ɗagawa. Sarƙa ta yi ƙara, mashin ta yi nishi, buhuna suka fara tashi da Sarjan a kai. Sai da ya kai tsayin mutum uku. Daga can ya hango hanyar kasuwa ta bayan katanga cike da mutane, ranar Alhamis ce, duk ƙauyukan Damagaram sun zubo. Abin ya ba shi haushi a ce yana wannan matsayi ƴan dako ne kawai ke kallonsa.

Ya ce, "Matsa da ni wajen katanga. Ina so in ji tafiyarta."

Gana ya matsa. Mutanen hanya suka ga wani baƙin gemu da tabarau ya ɓullo ta saman katanga yana tafiya a zaune, yana ɗaga musu bulala. Sai kofin isansin nan ya ƙare. Mai Ƙaho ta yi tari sau biyu, ta zabura, ta mutu. Ƙafafunta na baya suka rabu da ƙasa a hankali, ba gaggawa, gabanta ya sunkuya, har ƙahonin suka sauka a kan katanga da wata ƙara da aka ji har kasuwa. Buhu uku suka zame suka faɗa hanya suka fashe. Gana ya diro daga kujera ya koma gefe.

Alhaji ya ce, "Shofer, koma ka danne ta mana."

Gana ya ce, "Ranka ya daɗe, iyayena ba su haife ni don in zama curin ƙarfe ba."

Mai Nasara yana rungume da buhu hannu biyu, katakon ya karkace, bulala ta tafi. Da ya motsa ƙafa sai komai ya motsa tare da shi. Saman katangar kuwa fasassun kwalabe ne da Bature ya dasa don ɓarayi. A hanya, awaki da mata sun rufu kan gyaɗar da ta zube, sauran jama'a suka ɗaga kai. Cikinsu har da Lubabatu, ta dawo daga kasuwa da kwando a ka.

Ta ce, "Maigida, me kake yi a can?"

Ya ce, "Dubawa nake."

"To tunda kana sama, duba mini ko na rufe ƙofar awaki. Tun ɗazu abin ke damuna."

Aka shiga neman dabara. A ja sanda kaya su sauko? Gana ya ce ƙahoni suna kan katanga, ba inda za su. A ja da baya? Isansin yanzu ya kusa Takieta, sauran kuma yana ɗakin da Bature ya kulle. Tsani? Yana ɗaki ɗaya da isansin. A mayar da curin ƙarfe? Gana ya ce in bayanta ya faɗo a lokaci ɗaya za ta juya Sarjan kamar masa a tanda, kuma bai san ta wane gefen katanga zai sauka ba. Wani ya ce ya diro kawai, ai soja ne. Mai Nasara ya ce shi sojan ƙasa ne.

Sai wani abokin sana'arsa ya kawo shawara mai kyau, ya ruga kasuwa ya jawo wani dogon amale ta gefen hanya, don Sarjan ya zamo kan tozonsa. Raƙumin ya zo, ya dubi Sarjan, ya dubi buhun da ke ƙarƙashin Sarjan wanda kwalba ta yaga, ya zaɓi wanda ya fi amfani. Ya miƙa wuya ya kama bakin buhun ya fara ja. Katako ya ƙara karkacewa. A nan ne Damagaram ta ji muryar Mai Nasara ta gaskiya, siririya ce ƙwarai, yana roƙon a janye dabbar nan don girman Allah.

Dariya ta fara raguwa, don abin ya daina zama wasa. Rana ta take tsaka, gumi na wanke baƙin gemunsa yana gangarowa kan kwat, katangar ƙasa ce kuma ta fara zubar da ɓarɓashi a inda ƙahonin suka danne ta. Lubabatu ta shigo fili ta ajiye kwando, ba ta ƙara zolaya ba, ta tsaya tana kallon yayanta kawai. Alhaji ya juya wajen inuwar katanga, inda mutum talatin suka koma suka zauna a jere.

"Nomau, babu dabara?"

"Akwai, ranka ya daɗe. Sai dai Sarjan ya ce daga yau zama ne aikinmu, kuma ba ma so mu saɓa a ranar farko."

Daga sama aka ce, "Nomau, wasa nake yi."

"Ban ji ba, Sarjan, ka yi nisa."

"Na ce wasa nake yi, ɗan uwana. Ai ni da kai ba ta ɓaci."

Nomau ya miƙe. Na zaci zai ja abin, ya sa Alhaji ya rantse ba zai saya ba kafin ya ɗaga yatsa, kuma da ni ne da haka zan yi. Amma ya zo gaban Alhaji ya rusuna ya ce, "Ba zan yi ciniki da ran mutum ba. Za mu sauko da shi, ko ka saya ko ba ka saya ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka tsaya nan ka kalla. Shekara da shekaru muna yi maka aiki, kullum kana zaure, buhu a jere kawai kake tararwa."

Ya juya ya yi kira ɗaya. Mutum talatin suka tashi tare. A rumfar kamfani akwai tarin buhunan da ba a kwashe ba tukuna, suka yi layi biyu, ɗaya na zuwa ɗaya na komawa, duk a guje, buhu a ka, ba mai karo da wani. Mutum huɗu suka tsaya wajen jeri. Sahun farko a tsaye, na biyu a gicciye, kowane buhu ya danne bakin biyu na ƙarƙashinsa, kowane sahu ya ja baya taku ɗaya, yadda ake gina dalar gyaɗa. Nomau bai ɗauki ko ɗaya ba, yana tsaye yana nuni da haɓa, wani lokaci ya taka buhu da diddige ya gyara masa zama. Suka fara da tokare ƙarƙashin katakon don kada ya ƙara motsi, sannan matakala ta riƙa hawa. Ni da nake auna buhunan nan kullum na san nauyin da kowannensu yake gudu da shi a ka. Alhaji ya zaro agogonsa daga aljihu tun a sahu na biyu, bai mayar ba har aka gama. Ladan bai kira azahar ba matakala ta kai ƙafar Sarjan.

Ya sauko da baya, da hannu da gwiwa, yana lalubar kowane mataki. Da ya taka ƙasa ya tsaya ya gyara kwat, ya mayar da tabarau kan rawani, ya yi gyaran murya. Ni har ga Allah na zaci godiya zai yi.

Ya ce, "Alhaji, na gama duba. Ba ta jure ƙishirwa, kuma tana da tutsu. Shawarata kada ka saya."

Abin da ya biyo baya ba zan iya kwatanta shi ba. Har Gana, da ban taɓa ganin haƙoransa ba, sai da ya dafa katanga. Alhaji kaɗai bai yi dariya ba. Ya rufe agogonsa ya ce shi ma ya ga abin da zai gani, kuma ba a mashin ya gan shi ba. Ya dubi Nomau ya ce, "Asabar ku fara lodi, kamar kullum. Baɗi ma haka."

Nomau ya sunkuyar da kai ya daɗe yana gyara ɗaurin wandonsa da ba abin da ya same shi.

Sai Lubabatu ta ce, "Yaya, ka fa ce akwai aikin mangaza. Gidan nan da ka sani ba a cin tabarau."

Alhaji ya ce, "Ban manta ba. Nomau, kana da gurbin mutum ɗaya?"

Nomau ya dubi Sarjan daga rawani har yatsan da ya kumbura, ya ce, "In an matsa za a samu. Ga aiki ma a gabanmu, buhunan nan na kamfani ne, dole su koma rumfa kafin Bature ya tashi daga barci."

Mai Nasara ya fara bayanin cewa shi a Gigimi mai ba da umarni ne, amma ya dubi matarsa, ya dubi surukinsa, ya ga ba wanda ke sauraro. Gana da mutum goma suka koma wajen Mai Ƙaho suna mayar mata da curinta ɗaya bayan ɗaya, tana saukowa a hankali. Nomau ya cire gammonsa ya ɗora wa Sarjan a kan rawani, mutum biyu suka ɗaga buhu suka aza masa. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, wuyansa ya shige cikin kwat.

Daga ƙarƙashin buhun ya ce, "Malam Gambo, kai ka auna wannan?"

Na ce ni na auna, daidai yake da sauran.

"Ya fi ƙa'ida. Sai an bincika."

Nomau ya ce, "Ka bincika shi a hanya, Sarjan. Ƴan uwansa suna jira."

Ya ɗaga ƙafa ya nufi rumfa yana tangaɗi. Mutanen hanya da ke leƙe ta ƙofa suka sake fashewa da dariya. Ƴan dakon kuwa suka buɗe masa hanya a tsakiyar layi, kuma ko ɗaya cikinsu bai yi dariya ba, don sun san nauyin abin da ke kansa.